Sayen kwamfutar situdiyo a Dutse: Daga bango ake farawa

A watan Afirilun bara, ana tsakiyar zafin bazara, wani tsohon ɗalibina ya same ni a gida bayan sallar La'asar, ya ɗauro kwamfuta a bayan babur, an naɗe ta da zanen gado kamar mara lafiya. Ya sauke ta a zaure, muka gaisa, sannan ya yi shiru. Da na matsa masa sai ya ce, “Malam, bikin mutane ne a ciki. Kwana uku na yi ina ɗauka, tun daga kamu har buɗar kai, ga shi ta ƙi tashi.”

Wannan matashi ya gama digirinsa, ya yi hidimar ƙasa, ya jira aiki bai samu ba, sai ya kama shago a wata unguwa a nan Dutse yana ɗaukar bukukuwa da tallace-tallace. Jarinsa bijimai biyu ne da mahaifinsa ya yi kiwo, aka kai kasuwar Shuwarin aka sayar. Da kuɗin ya sayi kyamara, ya kuma tafi Kano ya sayo kwamfutar tebur ta hannu. Mai shagon ya gaya masa cewa Core i7 ce, ko fim ɗin Indiya aka ba ta za ta haɗa. Da muka kwance murfinta, ƙurar da muka tarar ta dunƙule kamar audugar katifa. Firosesar, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin komai, Core i7 ce da gaske, amma ta shekarar 2012. Ma'adana guda ɗaya ce tak a ciki, tsohon faifai mai juyawa, shi ke ɗauke da babbar manhaja da hotunan biki da komai. Kwamfutar kuma kai tsaye ake jona ta a bango. An ɗauke wuta tana cikin aiki, aka dawo da ita da ƙarfi, faifan ya tafi. Katin kyamarar kuwa tuni ya goge shi, domin ya ɗauki wani sunan washegari. Wani mai gyara ya ceto abin da bai kai rabi ba. Ya mayar wa dangin amarya kuɗinsu, amma babu wanda zai sake ɗaura auren don a ɗauka.

Ni ba injiniyan kwamfuta ba ne. Aikina na koyarwa da bincike ne ya sa na shekara goma sha wani abu ina naɗar hirarraki da dattawa a garuruwan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ina tace su da kaina, na kuma tafka kura-kuraina na saye kafin na yi hankali. Abin da nake son gaya wa mai karatu, musamman matashin da ke riƙe da jarin da ba shi da na biyunsa, shi ne cewa shawarwarin da ake gani a intanet kan sayen kwamfutar sarrafa sauti da bidiyo an rubuta su ne don mutumin da wutarsa ba ta ƙiftawa, ɗakinsa kuma da sanyi. Shi tambayarsa ita ce, wace ce ta fi sauri? Mu tamu tambayar daban ce: wace ce za ta kammala aikin a watan Afirilu, da rana tsaka, babu wuta, ba tare da ta haɗiye amanar mutane ba?

Maganar tana da muhimmanci yanzu saboda sana'ar ta sauko daga hannun 'yan tsiraru. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, tace fim aiki ne na kaset zuwa kaset, da na'urorin da ba kowa ke iya mallaka ba. Kiɗan finafinan shekarun da suka biyo baya a fiyanon Yamaha aka riƙa haɗa shi. Yau kwamfuta guda ta haɗiye duk waɗannan. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta buɗe kasuwar shirye-shirye masu dogon zango, sannan daga 2020 shirye-shirye irin su Izzar So suka nuna cewa YouTube kaɗai ya isa ya ɗauki fim zuwa ga jama'a. A nan Jigawa ma aikin yana nan: tafsirin watan azumi, hawan Sallah, bikin yaye ɗalibai, tallar da ake kai wa Rediyo Jigawa ko Freedom Radio ta Dutse ko JTV, ga kuma kakar siyasar 2027 da za ta zo da waƙoƙinta. Ba mu da ƙarancin masu ilmin kwamfuta. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, jihar ta yi suna da cibiyar koyar da kwamfuta ta Kazaure. Duk da haka, aikin da ake son ya fito da kyau har yanzu mota ake sa shi, a bi ta Kwanar Huguma da Wudil a kai Kano. Wani ɓangare na dalilin shi ne kayan aikinmu ba sa jure wa garinmu, saboda ba mu saye su da garin a zuciya ba.

To, mu fara daga bango. Kafin ka tambayi farashin kwamfuta, tambayi wutar da take sha, domin ita ce kuɗin da za ka yi ta biya kullum. Ana auna wannan da wat. Babbar kwamfuta mai katin sarrafa hoto, idan tana tsakiyar fitar da bidiyo, ita da allonta za su iya shan wat 400. A awa takwas ke nan ta sha yunit 3.2, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Babban batirin inbata na ruwa, mai bolt 12 da amfiya 200, a takarda yunit 2.4 yake ɗauka, amma idan kana son ya yi ƙarko rabin hakan za ka riƙa zuƙa. Ke nan kana buƙatar batir uku, a aikace ma huɗu, don yinin aiki guda, ban da farantan sola da za su cika su. Gaskiya ne kwamfuta ba ta shan iyakar wutarta a kowane lokaci, amma wanda zai sayi batir da mafi tsananin hali yake lissafi. Yanzu kwatanta da ƙaramar kwamfutar Mac mini mai M4 da kamfanin Apple ya fitar a ƙarshen 2024, wadda iyakar abin da take sha wat 65 ne. Ita da allo ba za su haura wat 100 ba, batir ɗaya ya ishe su yini. Ban kawo wannan misali don in ce kowa ya sayi Apple ba, zan dawo kan aibinta. Na kawo shi ne don mai karatu ya ga cewa kwamfutar da ta yi araha a shago tana iya zama mafi tsada idan an haɗa da batir da man janareta.

Man kuwa kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Kuma ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. A wancan lokaci duk situdiyon da ya dogara da wutar gari kaɗai rufewa ya yi. Saboda haka ra'ayina shi ne, duk abin da ka tanada don wannan saye, ware kaso mai tsoka, ko da kashi ɗaya cikin uku ne, don wuta. Kwamfuta matsakaiciya mai tsayayyiyar wuta ta fi zakaran gwajin dafin da ke mutuwa sau biyar a yini.

Mafi ƙarancin abin da ba a yafewa shi ne UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintuna idan an ɗauke wuta, har ka adana aikinka ka kashe ta cikin mutunci. A nan ma akwai tarko. Lambar da aka rubuta a jikinsa ba wat ba ce. Wanda aka rubuta wa 650VA abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, don haka babbar kwamfuta za ta durƙusar da shi daidai lokacin da ake buƙatarsa. Sannan masu arahar suna fitar da wuta mai kaifi-kaifi wadda wasu sababbin kwamfutoci ba sa karɓa, sai su mutu da zarar UPS ɗin ya karɓi aiki. A nemi wanda aka rubuta cewa yana ba da tsantsar igiyar wuta irin ta gari, haka ma inbata. A haɗa da sitabilaiza saboda lo-karan ɗin da muka saba da shi da daddare. Wani abu ƙarami da ya ƙona kwamfutoci da yawa: wasu tsofaffin da aka shigo da su daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wutarmu bolt 230 ce. Idan yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi.

Bayan wuta sai zafi da ƙura, tagwayen da babu mai tallar kwamfuta da ke ambatonsu. A watannin Afirilu da Mayu zafin Dutse kan haura digiri 40, kuma duwatsun da suka ba garin sunansa suna riƙe zafin har cikin dare. Shagon kwano da babu silin ya fi haka. Firosesa tana da dabarar kare kanta: idan zafinta ya kusanci digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta. Wannan ne ya sa aikin da ya fita cikin minti ashirin da asuba yake cin kusan awa da azahar, mai shi yana zargin ƙwayar cuta. Da hunturu kuma fankokin kwamfutar su ne ke zuƙo ƙurar su shimfiɗa ta a kan ƙarafan da ke fitar da zafi, ta zama bargo. Don haka a wajenmu babban akwati mai yalwar iska, mai ragar tace ƙura da ake cirewa a wanke, ya fi ɗan siririn akwati mai kyan gani, ya kuma fi mai gilashi da fitilu masu launi da yara ke so. A ɗora ta a kan tebur, kada a ajiye a ƙasa. A lulluɓe ta idan an kashe. A buɗe a hure ta da abin hura iska a kai a kai, musamman daga Nuwamba zuwa Maris. Ni na mayar da aikin fitar da dogon bidiyo zuwa bayan sallar Isha'i ko kafin Asuba, kuma ban yi nadama ba.

Sai a zo ga tambayar da ya kamata mai shago ya fara yi maka, amma ba ya yi: wane aiki za ka yi da ita? Ana haɗa sauti da bidiyo a baki ɗaya kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai, alhali buƙatunsu sun sha bamban. Sauti ba shi da nauyi. Awa guda ta naɗi mai inganci, irin wanda gidajen rediyo da masu fim ke amfani da shi, a layi biyu na hagu da dama, giga ɗaya ce da 'yan kai. Mai haɗa kiɗa a FL Studio ko Cubase, ko mai tace shirin rediyo a Adobe Audition, wanda tsofaffin ma'aikata suka sani da Cool Edit kafin kamfanin Adobe ya saye shi a 2003, ba ya buƙatar katin hoto mai tsada ko kaɗan. Firosesa mai kyau ta 'yan shekarun nan da RAM giga 16 sun wadatar. RAM ita ce faifan tankaɗen kwamfuta, inda take baza abin da take aiki a kai a wannan lokaci, idan ya yi ƙanƙanta sai garin ya riƙa zuba.

Abin da mai sauti ya fi buƙata shi ne shiru da kuma rashin jinkiri. Makirufon situdiyo yana jin abin da kunnenka ya saba da shi har ya daina ji: fankar kwamfuta, janaretan maƙwabci, da wani gurnani da ke shiga naɗi idan wayarin ɗin ɗaki ba shi da wayar da ake binnewa a ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin. Na taɓa asarar hirar awa biyu da wani dattijo saboda wannan gurnani, kuma Allah ya yi masa rasuwa kafin in koma. Jinkiri kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin lokacin da mawaƙi ya furta kalma da lokacin da ya ji ta a kunnensa. Da zarar ta haura kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, mawaƙa da yawa kan fara tuntuɓe da muryarsu. Maganinsa akwatin sauti na waje ne, wanda 'yan situdiyo ke kira saun-kad, irin su Focusrite Scarlett ko na Behringer, da ake jonawa ta USB. Kuɗin da za a zuba a katin hoto gara a kai shi nan, da makirufo, da labule masu kauri ko katifu a bangon ɗaki. Murya mai kyau a ɗaki mai amsa-kuwwa babu firosesar da za ta gyara ta.

Bidiyo shi ne mai ci. Hoton 4K ya ninka na 1080p sau huɗu a yawan ɗigo, sama da miliyan 8 a kowane firam idan aka kwatanta da miliyan 2. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cika giga 45 a kowace awa. Bikin kwana uku da kyamara biyu zai iya cinye rabin terabait. A nan ina da ra'ayin da na san wasu abokaina ba za su so ba: yawancinmu ba ma buƙatar 4K. Wa zai kalli aikin, kuma a ina? A waya za a kalle shi, ta YouTube ko Facebook ko TikTok, da data mai tsada, ko a tura shi ta WhatsApp wanda zai matse shi har ya fita hayyacinsa. Hoton 1080p mai kyakkyawan haske da sauti garau ya fi 4K mai duhu. Wanda kuma dole sai ya yi 4K, saboda tashar talabijin ko wata ƙungiya ta sharɗanta masa, akwai dabarar da manyan editoci ke yi: manhajar ta ƙirƙiri ƙananan kwafi marasa nauyi, a yi tacewar da su, sai a ƙarshe ta koma kan na asali ta fitar. Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna yin wannan. Da wannan dabara kwamfuta matsakaiciya tana yin aikin babba, haƙuri kawai take nema.

Ga mai bidiyo, ina ganin RAM giga 32 ita ce wurin hutawa, 16 kuma a fara da ita idan akwai gurbin ƙari. Na san tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe ta, shi ya sa gurbin ƙarin yake da muhimmanci. Katin hoto irin RTX 3060 mai giga 12, wanda NVIDIA ta fitar a 2021, har yanzu yana biyan buƙata, sai dai shi kaɗai wat 170 yake sha. RTX 4060 na 2023 wat 115 yake sha, kuma a garin da ake lissafin batir wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Akwai kuma wani sirri: firosesoshin Intel suna da wani sashe da ake kira Quick Sync, mai warware matsattsen bidiyon da kyamarori da wayoyi ke ɗauka, amma waɗanda lambarsu ta ƙare da harafin F ba su da shi. Sun fi araha kaɗan, mai tace bidiyo ya kauce musu.

Yanzu ga inda aka kama ɗalibina, wato suna. Core i7 ba shekara ba ce, suna ne da Intel ke amfani da shi tun 2008, kamar a ce maka mota Toyota ce ba a gaya maka ƙirar yaushe ba. Lambar da ke biye ita ce ke faɗin gaskiya. A i7-3770, lamba 3 ta farko tana nufin zubi na uku, na 2012, mai ƙwayoyin aiki huɗu. A i5-12400, lamba 12 tana nufin zubi na goma sha biyu, na 2022, mai ƙwayoyi shida, kuma ta yi wa waccan i7 fintinkau duk da ƙaramin sunanta. Wannan ya ƙara muhimmanci saboda kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista, ita kuwa Windows 11 a hukumance ba ta karɓar firosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, na 2017, sai 'yan ƙalilan. Ofisoshin Turai da Amurka suna zubar da tsofaffin, mu kuma kasuwanninmu ne masaukinsu. Har manyan kwamfutocin aiki irin HP Z440, masu ƙarfi da ƙarko, suna cikin waɗanda aka bari a baya.

Ba ina hana sayen ta hannu ba ne. Da yadda Naira ta koma tun 2023, har Dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, sabuwa fil ta fi ƙarfin yawancinmu, kuma kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk daga zubi na takwas zuwa sama suna da aminci, sun kuma dace da aikin sauti. Matsalarsu ga mai bidiyo ita ce siraran cikinsu ba sa ɗaukar babban katin hoto, akwatin wutarsu ma galibi bai kai wat 300 ba. Idan za ka je titin Beirut a Kano, ko ka aika Computer Village ta Ikeja, kada ka tafi da kunne kaɗai. Sa ƙananan manhajoji na kyauta a filas: CPU-Z za ta nuna ainihin firosesar, CrystalDiskInfo za ta faɗi awa nawa ma'adanar ta yi tana aiki da kuma lafiyarta. Ka tafi da bidiyon minti goma daga kyamararka, ka fitar da shi a gaban mai shago, kana sauraron fanka kana duba zafi. Mai kaya na gari ba zai hana ba. Wanda ya ce sauri yake yi, kai ma ka yi saurin fita.

Ma'adana ita ce inda amana take kwana, kuma ita ce aka fi yi wa rowa. Tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake haura megabait 200 a daƙiƙa, kuma da yake akwai allura da faranti masu motsi a cikinsa, ba ya son girgiza ko yankewar wuta. SSD ta gama-gari tana kai 550, nau'in NVMe kuma 3,500 ko fiye. Tsarin da nake bi shi ne SSD guda don babbar manhaja da kayan aiki, wata don aikin da ke hannu, sannan babban faifai mai juyawa don ajiyar abin da aka gama. Amma sauri ba tsaro ba ne. SSD ma tana mutuwa, kuma ita ba ta ma yin gargaɗi. Masu wannan sana'a a duniya suna da ƙa'ida: kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani gida daban. A wajenmu ma'anarta mai sauƙi ce. Kada a goge katin kyamara sai aikin ya zauna a wuri biyu, ɗayan kuma faifan waje ne da ba ya kwana a jone, ba ya kwana a shago. Tsawar damina ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya isa ya tafi da duk abin da ke ɗaki guda.

Kan manhaja kalma biyu kawai zan ce. Kowa ya san yawancin abin da ke situdiyoyinmu kwafin sata ne da ake loda wa mutum a shago, kuma ta nan ƙwayoyin cutar da ke kulle fayil su nemi fansa suke shigowa. Alhali DaVinci Resolve, ta kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya, tana da nau'in kyauta da ya ishi yawancin ayyukanmu, cikakkiyar kuma Dala 295 ce sau ɗaya. Audacity kyauta ce. Reaper Dala 60 ce ga ƙaramin mai sana'a. Wanda ya sayi FL Studio sau ɗaya, sabuntawa kyauta ce har abada.

Na yi alkawarin dawowa kan Apple. Mac mini ba ta shan wuta, ba ta da ƙara, tana kuma tace bidiyo fiye da yadda girmanta ke nunawa. Aibinta shi ne RAM ɗinta a manne take, abin da ka saya da shi za ka mutu, ma'adanar mafi arahar da ta fito a 2024 ƙanƙanuwa ce, giga 256, kuma idan ta lalace ba abin da za ka ɗauka a babur zuwa wajen mai gyaran unguwa ba ne. Kwamfutar da aka harhaɗa kuwa gaɓa-gaɓa ce: akwatin wuta ya ƙone a sauya shi, kuɗi ya samu a ƙara RAM. Da za a tambaye ni, mai aiki shi kaɗai a kan sola, wanda ya san zai kula da kayansa, Mac mini ta fi masa. Shagon da yara uku ke karɓa-karɓa, ana sa filas ɗin kowa ana cirewa, harhaɗaɗɗiya ta fi masa, da sharaɗin kada a yi arahar akwatin wuta, domin idan ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai.

Abin da ke sa ni damuwa ya wuce jarin mutum ɗaya. Abin da ya rage mana na muryar Haruna Uji, makaɗin gurmin Haɗeja, ya rage ne saboda wasu sun naɗa sun kuma adana. Duwatsun kiɗa na Birnin Kudu sun shiga littattafan duniya ne tun da Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950. Hawan Sallar da aka yi a zamanin marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023, da karatun malamai, da kiɗan manoma da na 'yan dambe, da yawa daga cikinsu suna kwance ne yau a faifai guda a wani shago mai ƙura, ba tare da kwafi na biyu ba. Matasan nan masu kyamara su ne ma'ajiyar tarihin jihar, ko sun sani ko ba su sani ba.

Ɗalibin nawa bai bar sana'ar ba. Ya sayar da tsohuwar a matsayin kayan gyara, ya yi wata shida yana aron ta abokinsa da daddare. Da ya tara abin da ya tara, muka zauna da takarda da biro, muka fara lissafi daga batir. Ya sayi ƙaramar inbata da farantan sola biyu, sannan kwamfutar ofis ta hannu mai Core i5 zubi na goma a babban akwati, da SSD, da faifan waje guda biyu. Katin hoto bai samu shiga ba, an bar shi sai baɗi, yana aiki da 1080p da ƙananan kwafi. Ɗaya daga cikin faifan biyu a ɗakin mahaifiyarsa yake kwana, cikin kwallar da take ajiye kayan ɗinkinta. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan je ya gaishe ta, ya ajiye wanda ya cika, ya ɗauko ɗayan.